Zagayen Kogin Tsawa a watan Yuli: Basakkwace ya ce zafi ba ya ba shi tsoro

Autan Sakkwato:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na samu hutun kwana 9 a wurin aiki a tsakiyar Yuli, raina kuma ya biya in shiga Grand Canyon, ƙaton kwarin nan na jihar Arizona a Amurka. Ba irin zuwan da ake tsayawa a baki a ɗauki hoto a koma mota ba. Na ga wata hanya a ɓangaren arewa, ana sauka ta hanyar Bill Hall, a bi ta Thunder River, wato Kogin Tsawa, a taɓa kogin Kolorado, a hauro ta Deer Creek, a dawo inda aka ajiye mota. Wajen kilomita 40 ce duka. Mu biyu ne da wani abokina. Na ga ana ta kashedi a kan zafi, amma ni haifaffen Sakkwato ne, na yi azumi a bazarar garinmu ina zuwa makaranta a ƙasa. Akwai wanda ya taɓa bi?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Auta, tambaya ɗaya gare ni: biyan ka za a yi? Shekara nawa ina jan tirela ta Arizona, ina wuce allon da ke nuna hanyar wurin nan, ko sau ɗaya zuciyata ba ta ce mini in je in faɗa rami ba. Mun baro gida don mu huta da tafiyar ƙasa da ɗaukar ruwa a ka, kai kuma za ka sayi tikitin jirgi ka je neman su.

Bakatsinen Arizona:
Wa alaikumus salam. Auta, na bi hanyar nan a Oktoban 2024, mu uku, muka kwana 4, rana ta biyar muka fito. Zan ba ka labarinta, amma ga amsar tun farko: kada ka je a Yuli. Ba cewa na yi ka yi hattara ba, cewa na yi kada ka je.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin nan dutse ne da aka kifar. In Dala za ka hau ko Kufena, wahalar a farko take, lokacin da ƙarfinka da ruwanka suke cike, in ka gaji ka juya gangara ta kai ka gida. Can kuwa gangarar ce a farko. Ka sauka kana raha, ƙafa na tafiya da kanta, sai a kwanakin ƙarshe, guzuri ya yi ƙasa, gwiwa ta mutu, sannan za a ce ka biya bashi. Monument Point, inda ake barin mota, yana wajen mita 2,200 sama da teku. Kogin yana wajen mita 600. Mita 1,600 ke nan za ka sauka, kuma ko taku ɗaya ba za a yafe maka ba a dawowa.

Sannan duk yadda ka yi ƙasa zafi ƙaruwa yake. Mun tashi a sama da rigunan sanyi, haƙora na kaɗawa, washegari da azahar muna laɓewa a gindin duwatsu kamar ƙadangaru. A Oktoba fa. A Yuli, a ƙasan kwarin, digiri 41 abin yau da kullum ne, an taɓa auna 49 a Phantom Ranch, wani masauki da ke can gindin kwarin, kuma wannan awon inuwa ne.

Autan Sakkwato:
Yaya, 41 ai a Sakkwato ba ma kiran sa zafi. Muna kaiwa 44 a Afrilu, a buga ƙwallo da la'asar.

Anti Nas:
Auta ƙanena, shekara nawa ke nan kana Minesota? Shida ko? To jikin da ya buga ƙwallon nan ba shi ke tare da kai yanzu ba. Sabo da zafi ba gado ba ne, ba kuma takardar haihuwa ba ce da za ka ajiye a jaka. Jiki yana koyon sa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ya riƙa yin gumi da wuri, ya rage zubar da gishiri, kuma in ka koma cikin sanyi 'yan makonni sun isa ya manta. Kai kuwa daga na'urar sanyaya ɗaki kake zuwa ta mota zuwa ta ofis.

Kuma a Sakkwato in rana ta take me kuke yi? Ku shiga zaure, ku shiga ƙarƙashin dalbejiya, ga randa a kusa. Ba wanda ke ɗaukar kilo 20 a baya ya hau tudu da ƙarfe ɗaya na rana. Zafin da ka jure kana zaune daban, wanda za ka jure kana hawa daban, domin tsokar jikinka ma murhu ce.

Injiniyan Hustan:
Ni fa ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Turawan nan komai sai sun manna masa kashedi don gudun a kai su kotu, har kofin shayi rubuta masa suke wai yana da zafi. Mutane suna shiga kwarin nan a Yuli, kuma suna fitowa. Masu kwale-kwale ma a lokacin suka fi cika kogin. Yaro yana da lafiya, yana da shekara 20 da 'yan kai, ya tashi ƙarfe uku na dare ya yi tafiyarsa, kafin goma ya samu inuwa ya kwanta. Ina matsalar? Kada mu mayar da yaranmu matsorata.

Bakatsinen Arizona:
Injiniya, rabin maganarka gaskiya ce. Akwai masu yi a Yuli, kuma dabarar da ka faɗa ita hukumar gandun dajin da ke kula da kwarin take faɗa, a daina tafiya daga goma na safe zuwa huɗu na yamma. Amma bari in zayyana hanyar, sai ka gaya mini inda inuwar take.

Tun zuwa bakin hanyar aiki ne. Daga Finiks, babban birnin Arizona, kusan wuni guda a mota, ka wuce Flagstaff, ka haye Kolorado ta gadar Navajo, ka hau tudun Kaibab, sannan ka bar kwalta ka shiga burji cikin daji mai nisa. Babu sabis, babu famfo, babu kowa.

Bill Hall gajeriya ce amma a tsaye take: cikin kilomita 4 za ka sauka wajen mita 600, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi. Akwai wani wuri da muka cire jakunkuna muka zura su da igiya, muka bi su da hannu da ƙafa. Daga nan sai ka fito wani shimfiɗaɗɗen jan dutse da ake kira Esplanade. Wallahi wurin nan kyau gare shi, duwatsu kamar an ɗora faifai a kan turmi, ga shiru har kunnenka ya riƙa ƙara. Amma ruwa babu. Akwai 'yan ramuka a kan dutsen da ke tara ruwan sama, in ka dace ka samu, in ba ka dace ba ka tarar da busasshen laka. A nan kowa yake ɓoye ruwan dawowa.

Daga ƙarshen Esplanade sai gangaren Redwall, wani dogon jan bangon dutse, ya zuba ka cikin Surprise Valley. Wanda ya raɗa masa suna ya san abin da yake yi, kwarin mamaki ne. Kudu yake fuskanta, rana a kansa take wuni, itacen da ya kai mutum tsayi sai an nema. Tanda ce, Injiniya. Kuma sau biyu za ka bi ta cikinta, da zuwa da dawowa.

Daga mota zuwa ruwan farko da za ka dogara da shi ya fi kilomita 10. Ruwan nan shi ne Thunder River, mu muka riƙa ce masa Kogin Tsawa. Kana cikin wannan ƙuna sai ka fara jin gurnani kamar jirgi na zuwa, ka leƙa gangare, sai ga ruwa fari fat yana ɓulɓulowa daga tsakiyar bangon dutse, daga cikin kogo, yana dirowa ƙasa, kewaye da korayen itatuwa. Na zauna na kasa magana. Tsawonsa duka bai kai kilomita ɗaya ba ya faɗa rafin Tapeats, shi ya sa ake sa shi cikin gajerun kogunan duniya. Kogi ne da ke zuba a cikin rafi, abin da aka saba ji a juye.

Hajiya Uwar Biyu:
Ikon Allah. To shi ruwan daga ina yake, tunda kun ce hamada ce?

Ɗalibar Duwatsu:
Hajiya, daga sama yake, daga inda suka bar motar. Tudun Kaibab yana samun dusar ƙanƙara mai yawa da hunturu, amma da wuya ki ga rafi a kansa, domin dutsen farar ƙasa ne, ruwa yana cin sa. Ƙanƙarar in ta narke sai ta zurare ta tsaguwa da ramuka, ta yi ta bin koguna na ƙarƙashin ƙasa, har ta iske wani shimfiɗin dutse mai laka da ba ya barin ruwa ya wuce. Daga nan ba ta da hanya sai gefe, ta fasa bango ta fito. Abin da Yaya Bakatsine ya gani ke nan.

Kawu kuma da yake tambayar me ake nema a rami: dutsen da kake takawa a baki shekarunsa wajen miliyan 270, kuma ƙasan teku ne a da, har yanzu ana ganin burbushin halittun ruwa a jikinsa. Baƙaƙen duwatsun can ƙasa kusa da kogi sun kai shekara biliyan 1.7. Kowane hawa da launinsa, fari, ja, kore-kore, baƙi. Mu a aji a hoto muke gani, shi da ƙafa ya bi ta cikinsu.

Kawu Direba:
'Yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Dutsen da ya yi shekara biliyan yana jira, ai zai iya jiran Oktoba.

Ɗan Agadas:
Kawu ya gama magana a cikin wasa. Ni na tashi ina ganin ayarin gishiri da ke zuwa Fashi da Bilma, kakana na wajen uwa ya yi tafiyar nan. Mutanen da suka fi kowa sanin Tenere ke nan, kuma ba za ka ga madugu ya ɗaga ayari a tsakiyar bazara ba. Sai damina ta wuce, iska ta fara sanyi, wajen Oktoba, sannan a tashi. Ba tsoro ba ne, sani ne. Wanda ya san hamada shi ya fi jin tsoron ta, baƙo ne ke mata kallon raini.

Maganar ɓoye ruwa kuma ta tuna mini da su. Suna tafiya da dammunan ciyawar raƙuma, su riƙa ajiye wasu a hanya don dawowa, saboda sun san a komowa kaya sun yi nauyi, dabbobi sun rame. Tun ranar fita ake lissafin ranar komowa. Auta, lita nawa ka lissafa?

Autan Sakkwato:
Na ce lita 4 kowa, tunda akwai rafi a ƙasa kuma muna da matatar ruwa.

Bakatsinen Arizona:
To ga inda nake son ka saurara, domin kuskuren da na yi ke nan, kuma laifina ne ni kaɗai. Abokan tafiyata kowa ya sauko da lita 8 zuwa 9, ya ɓoye rabi a Esplanade. Ni na ce lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba zan kashe kafaɗata ba, ni da na saba azumi. Na ɓoye lita 2 kacal.

Kwana biyun tsakiya lafiya lau, ruwa har ya yi yawa. Mun kwana a gefen Tapeats, muka gangara Kolorado, muka bi gefensa zuwa Deer Creek. Kada ka ji an ce gefen kogi ka zaci shimfiɗa ce, hawa da sauka ne a kan duwatsu, wani wurin siririyar hanya ce a saman gangare. Deer Creek kuwa wani abin kallo ne, rafin ya yanka dutse ya yi siririn lungu mai lanƙwasa, sannan ya diro wajen mita 55 dab da kogin. Daɗin wurin ne ya cuce ni. Ranar hawa mun yi da asuba za mu tashi, ni na ja mu, wai sai na ƙara wanka na sha shayi. Ba mu bar zango ba sai wajen takwas.

Sha ɗaya ta same mu a Surprise Valley. Kafin mu kai rabin Redwall ruwan da na ɗebo ya kusa ƙarewa, cinyoyina suka fara ɗaurewa, na yi amai sau biyu. Na kwanta a wata 'yar inuwa da ba ta fi tabarma ba har bayan la'asar. Da muka kai ma'ajiyarmu da magariba, lita biyun nan su ne na sha, na dafa abinci, na kuma hau Bill Hall da su washegari. Ba su isa ba. Abokina ne ya raba nasa da ni, yana ba ni yana kallona, bai ce komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a tsakiyar tafiyar na fafe tawa.

Wannan a Oktoba ne, Injiniya. Ka mayar da ranar nan Yuli ka gaya mini yadda labarin zai ƙare.

Injiniyan Hustan:
Ai ka ba ni hujja da bakinka. Ba wata ne ya kayar da kai ba, shayi ne da ƙarancin ruwa. Wanda ya tashi ƙarfe uku da lita 10 ba zai shiga wannan halin ba.

Anti Nas:
Injiniya, a takarda lissafinka daidai ne. Amma tsari mai kyau shi ne wanda in abu ɗaya ya karkace ba a mutuwa. A Oktoba Bakatsine ya yi kuskure biyu ya fito yana ba mu labari. A Yuli targaɗe ɗaya ya isa, ko gora ta fashe, ko a ɓata hanya na awa biyu a cikin duhu. A Yulin 2004 wata ɗalibar likitanci 'yar shekara 24, wadda ta yi gudun fanfalaki na Boston cikin ƙwarewa, ta rasu da ƙishirwa a cikin kwarin nan. Hukumar gandun har hotonta ta riƙa mannawa a bakin hanyoyi don jan kunne. Sun ce fiye da mutum 250 suke cetowa duk shekara, kuma da yawansu matasa ne majiya ƙarfi, masu cewa su ba irin waɗancan ba ne.

Sannan lita 10 ɗin ma tana da tarkonta. Mutum ya yi ta ɗirkar ruwa zalla yana gumi, bai ci komai ba, gishirin jininsa ya yi ƙasa. Alamunsa kusan ɗaya da na galabaita, ciwon kai, tashin zuciya, amai, sai abokin tafiya ya ƙara ɗura masa ruwa, ya ƙara kashe shi. Duk shan ruwa a haɗa da ci, abu mai gishiri. Ruwan gishiri da sukari da iyayenmu ke haɗa wa yara masu gudawa yana aiki a nan: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In kuwa ka ga mutum ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, ko bai san inda yake ba, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, a nemi agaji nan take.

Bakatsinen Arizona:
Kuma neman agajin sai da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, waya ba ta da amfani a can sai ɗaukar hoto. Mun yi hayar ɗaya. Ko ka danna ma, jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi don ka gaji, kuma dare ko iska na iya hana shi.

Wani abu da na manta: Yuli zuwa Satumba damina ce a Arizona, irin ta hadari da tsawa da yamma. Ruwa ya sauka a wani tudu da ba ka ma gani, ambaliya ta biyo lungu ta same ka rana na haskawa. Bazara kuma, lokacin narkewar ƙanƙara, Tapeats ne ke haukacewa. A Afrilun 2017 ya tafi da wata mata da wani yaro ɗan gidansu suna ƙoƙarin hayewa. Shi kansa Kolorado kada a yi gigin iyo a ciki, daga ƙasan madatsar Glen Canyon ake sako shi, sanyi ƙarara ga ƙarfi.

Malam Na-Tudu:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Kawu, yawo don ganin halittar Ubangiji ba wasa ba ne, Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Shi ne kuma ya hana mutum jefa kansa ga halaka, saboda haka duka ɓangarorin biyu kowa ya riƙe ayarsa.

Abin da nake son ƙarawa shi ne alwala. Kada wani ya ɗauki ruwan shansa ya yi alwala da shi a wurin da babu ruwa yana ganin taƙawa ce. In ana tsoron ƙishirwa, ga kai ko ga abokin tafiya, taimama ta halatta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana yin ta a kan dutse. Dutse kuwa na ji ba a rasa shi a can. Ga rangwamen ƙasaru, tunda tafiyar ta wuce kilomita 80 nesa ba kusa ba.

Bakatsinen Arizona:
Allah ya saka, Malam. Haka muka yi a Esplanade. Sai dai alƙibla ta ba mu dariya, ɗayanmu ya tashi ya fuskanci inda rana ke fitowa wai gabas. Daga Arizona alƙibla arewa maso gabas take, ta ma fi karkata arewa. A duba tun ana da sabis a riƙe.

Hajiya Uwar Biyu:
Ni macizai nake ji. Da kuma abinci, me kuka ci kwana huɗu?

Bakatsinen Arizona:
Hajiya, akwai maciji mai ƙararrawa a wutsiya, har da wani mai ruwan hoda da ya yi kalar dutsen wurin, amma ɗaya muka gani kuma shi ya fara ba mu hanya. Ɓarayin gaske ɓeraye ne da hankaki. Hankakan can baƙi ƙirin ne, ƙato, ya iya buɗe zif. Ɓera kuma ya huda jakar abokina ya shiga gyaɗa. Sai an sa abinci a jakar ragar ƙarfe.

Guzuri kuwa namu na gida ya fi na kanti: garin kwaki da sukari da madarar gari, ƙuli-ƙuli, gyaɗa mai gishiri, dabino, da dambun nama da matar abokina ta yi mana. Ba nauyi, ba ya lalacewa, garin ma ba ya son wuta. Hura wutar itace haramun ce a cikin kwarin, sai ɗan risho na gas. Kuma duk abin da ka shiga da shi sai ka fito da shi, har takardar da ka yi amfani da ita a bayan gida.

Ɗalibar Duwatsu:
Ƙarin bayani kaɗan a kan Deer Creek, don kada a je a yi abin kunya. Wurin mai tsarki ne a wajen ƙabilar Paiute ta kudu, waɗanda har yau suna zaune a yankin, kusa da garin Fredonia. Akwai tambarin tafin hannu na kakanninsu a jikin bangon lungun. Ba a taɓawa, ba a rubuta suna, kuma tun 2012 aka hana zura igiya a sauka cikin lungun. Gandun a 1919 aka kafa shi, su kuwa sun riga shi da ɗaruruwan shekaru. A Esplanade kuma za ka ga ƙasa mai baƙin ɓawo kamar ta ƙone, rayayya ce, ita ke riƙe ƙasar, taku ɗaya sai ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. A bi kan dutse.

Injiniyan Hustan:
To na ji. Ban janye cewa ana iya yi ba, amma na yarda ba da wannan ake fara koyo ba. Auta, in dai tikitin Yulin ya riga ya fita, ka je ɓangaren kudu ka gwada hanyar Bright Angel. Akwai rumfunan hutu, akwai famfo, akwai ma'aikata, mutane ba sa yankewa. Ka sauka da asuba zuwa rumfa ta biyu, wajen kilomita 5, ka juyo. In ka hauro kana sha'awar ƙari, sai mu yi maganar Oktoba. Ka dai tambaya ko famfunan na aiki, bututun yana yawan fashewa.

Autan Sakkwato:
Tikiti ya fita, Injiniya, kuma abokina har yanzu yana kan bakansa, na tura masa labarin Yaya Bakatsine ya ce shayi ne matsalar. Ni dai na sauka daga kan Yuli. Anti, shekara bakwai ne ma ba shida ba. Yaya, yaya ake samun izinin kwana, kuma in Oktoban ce lita nawa zan ɓoye, a ina?

Bakatsinen Arizona:
Izini ta shafin intanet na Recreation.gov ake nema, ƙuri'a ake yi kimanin wata biyar kafin watan tafiya, kuma wuraren kwana a Tapeats da Deer Creek ƙididdigaggu ne, Oktoba kowa ke so. In ba ka samu ba ka riƙa leƙawa, wasu suna fasawa. Ka kuma bincika halin hanyoyin dajin kafin ka sa rana, domin gobarar Yulin 2025 ta ci ɓangaren arewa sosai, har tsohon masaukin baƙi na bakin kwarin ya ƙone, kuma ƙasar da ta ƙone ba ta riƙe ruwan sama.

Ruwa: ka sauko da 8 aƙalla. Ka ɓoye 4 a Esplanade, a inuwar dutse, cikin gora mai kauri, ka rubuta ranar da za ka dawo a jiki, ka ɗauki hoton wurin ta fuskar da za ka fito, domin duwatsun nan duk kama suke da juna in ka juyo. Ranar barin Deer Creek ka cika duk abin da ke riƙe ruwa, ka tashi da fitilar goshi.

Kawu Direba:
In Oktoban ta tabbata ka gaya mini da wuri, ina yawan samun lodi ta Flagstaff. Zan kawo maka jarka biyu da ƙuli-ƙulin Antinku. Iyakata bakin kwalta.